Wa Ke Sauraron Mai Sauraro?

Karatun safiyar yau: Markus 6:30-32

Markus ya ba mu labarin ranar da manzanni suka komo daga aiken da Yesu ya yi musu biyu-biyu. Sun zaga ƙauyuka suna wa'azin tuba, suna shafa wa marasa lafiya mai. Da suka dawo, babu wanda ya zarce ɗakinsa. A gaban Ubangiji suka taru, suka zayyana masa abin da suka yi da abin da suka koyar, kowa yana jin na ɗan'uwansa. Ayoyin da suka gabaci wannan kuwa labarin fille kan Yahaya Maibaftisma ne. Ga makoki, ga jama'a na ta kai da kawowa har ba su sami sukunin cin abinci ba. Sai ya janye su gefe cikin jirgin ruwa su huta.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a ƙasar Zuru ba sai an gaya mana nauyin labari ba. A watan Yunin 2021 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da 80 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka rasu. A watan Nuwamban 2025 aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandare ta Maga. In 'yan jarida sun tafi, akwai waɗanda ake zuwa a sauke wa kukan: fasto da mai bishara, shugabar zumuntar mata, limamin unguwa, malamin da ke ba ɗalibai shawara, nas ɗin da ke aikin dare. Gwauruwa ta faɗa maka abin da ta gani da idonta, ta tashi da ɗan sauƙi, kai kuma ka kai shi gida. Barci ya ƙi zuwa. Ka daka wa yaranka tsawa ba gaira ba dalili. Wata rana ka hango mai neman shawara a ƙofa, ka ji gabanka ya faɗi, sa'an nan ka zargi kanka da ƙarancin bangaskiya. Gajiya ce, kuma Ubangiji ya gan ta a fuskar manzanninsa.

Masu aikin kula da lafiyar tunani sun mai da irin zaman da manzanni suka yi a gaban Ubangiji ƙa'idar aiki. Tun wajen 1950 wani likita, Michael Balint, ya fara tara likitoci a asibitin Tavistock da ke Landan, suna tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai. Yau a ƙasashe da dama ba a barin mai ba da shawara ya yi aiki babu mai duba shi. Tsarin ba shi da wuya. Mutum kaɗan ne, da tsayayyar rana, da wani gogagge da ke jan zaman. Ɗaya ya kawo matsalar da ta gagare shi. Sauran su fara da tambaya, ba da wa'azi ba. Wani ya hango abin da ya kuɓuce masa: wataƙila yarinyar da ake cewa taurin kai take yi, tsoro ne ya hana ta magana. Daga nan jagora ya tambaye shi, "Kai fa, me labarin nan ya yi maka?" Wannan tambayar ce ba kasafai ake yi wa fasto ba. Mu da muka san golmo mun san saurayi ba ya tunkarar gonar surukinsa shi kaɗai. Da tsararsa yake zuwa, kowa da fartanyarsa.

Sai dai a kula. Zuru gari ne da kowa ya san kowa. Ka ce "wata mata da mijinta soja ne, a unguwa kaza," ka riga ka faɗi sunanta. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, sau da yawa gulma kan shigo majami'a sanye da rigar "batun addu'a". Zaman da zai fallasa asirin wadda ta amince da kai, gara ba a yi shi ba. A sakaya suna, a sakaya ƙauye, a bar duk abin da zai nuna ta. Abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin, ko matarka ko mijinki kada su ji. A nan ne kuma ake tunatar da juna iyaka. Wanda yake maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyin da babu su, a yi masa addu'a, a kuma kai shi ga likita, ko da tafiyar za ta kai asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, kusa da Sakkwato.

Ka ci gaba da karatun kaɗan, za ka ga hutun bai daɗe ba. Jama'a suka bi ta ƙasa da gudu, suka riga jirgin isa. Ubangiji ya san taron ba zai ƙare ba, duk da haka ya kira su gefe. In kana jiran ranar da masu kuka za su daina zuwa kafin ka nemi masu jin naka, ranar ba za ta zo ba.

Ya Uba, ka ga bayinka da ke ɗauke da asirin mutane. Ka ba mu tawali'un faɗin abin da ya fi ƙarfinmu, ka kuma tsare harshenmu. Amin.

Kafin rana ta faɗi yau, nemi mutum biyu ko uku masu irin aikinka, waɗanda ka san suna da riƙon amana, ku tsai da ranar zamanku na farko.