Faɗin Gaskiya Tsakanin Aminai Idan Arziki Ya Bambanta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa yadda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Mas'alar wannan mako ita ce: idan aminai biyu suka rabu da gari, Allah kuma Ya bambanta su wajen abin hannu, shin wajibin faɗa wa juna gaskiya yana nan a kansu, ko kuwa kame baki ya fi zama alheri?

A ɗauki misalin mata biyu waɗanda suka yi karatun allo a zaure ɗaya tun suna yara. Aure ya kai ɗaya Birnin Kebbi, gidan ma'aikacin gwamnati, inda akwai famfo da lantarki da mai taya aiki. Ɗayar kuwa aka kai ta wani ƙauye a gefen Argungu, gidan masunci mai 'yar gonar shinkafa a fadama, kafin hantsi ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta hura wutar bandar kifi. Tsakaninsu tafiyar kimanin kilomita 50 ce, amma ga matar aure mai goyo wannan ba kusa ba ne, har sukan shekara ba su sa juna a ido ba, sai dai waya da saƙon baki. Abin da ya haɗa su guda ne, watau kowace ita ce malamar 'ya'yanta a cikin gida. Ta birni tana biya wa nata a kan darduma bayan Magariba. Ta ƙauye tana rubuta wa nata allo da tawadar da ta dafa da hannunta, su yi tilawa da asuba kafin aiki ya taso.

Ana nan sai kowace ta hangi ɓaraka a gidan 'yar'uwarta. Ta birni ta sami labarin an ɗora wa babbar 'yar ƙawarta tallan kifi, allonta ya daɗe a rataye. Ta ƙauye kuwa, ranar da ta zo suna, ta tarar yaran ƙawarta sun wuce izu goma, amma ba su san durƙusa wa babba ba, har suna toshe hanci don ƙarnin kifin da ke zanenta. Dukansu suka yi shiru. Mawadaciyar tana tsoron a ce raini ne irin na masu kuɗi, talakar kuma tana tsoron a ce hassada ce. Tun daga ran nan zumunci ya koma ina kwana da yaya yara.

Masu goyon bayan shiru suna da hujja, ba kuwa ƙarama ba. Sukan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ba ta taɓa kwana da tunanin abin da za a ɗora a tukunya gobe ba, ina ta san abin da ya sa aka ɗora wa yarinya talla? Kuma babu abin da ke saurin ɓata tsakanin mata kamar magana a kan 'ya'ya. Saboda haka, in ji su, gara zumunci mai rauni da zumuncin da ya yanke.

To, amma wannan hujja ta mance da yaran, alhali kuwa su ne za su biya bashin shirun. Yarinyar da aka cire daga karatu tana da shekara goma da wuya ta koma masa tana da ishirin, yaron da ya tashi da raina mutane kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa mace mai kiwo ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta abin da aka ba ta kiwo. Aminiyar da ta ga kiwon 'yar'uwarta zai faɗa rami ta kau da kai, kanta ta kare daga jin kunya, ba zumunci ba. Hadisin Tamimud Dari da ke cikin Muslim ya mai da nasiha ita ce addini, bai kuwa ware mai kuɗi ko talaka ba. Abin lura kuma, Suratuz Zukhrufi ta haɗa al'amuran nan biyu. A aya ta 32 Allah Ya bayyana cewa Shi ne Ya raba abin rayuwa, Ya ɗaukaka wasu a kan wasu. A aya ta 67 kuma Ya yi gargaɗi cewa masoya za su zama maƙiyan juna ranar ƙiyama, in ban da masu taƙawa. Ashe ba bambancin arziki ke rushe aminci ba, rashin taƙawa a cikinsa ne.

Tarihin wannan ƙasa ya riga ya nuna haka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a shekarar 1864, 'yar malamai ce, matar Waziri Giɗaɗo, amma ta ƙulla da matan ƙauye ta hanyar 'Yan Taru. Takan naɗa wa dattijuwa malfa, a kira ta jaji, ta jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo su ɗauki karatu, sa'an nan su koma su isar wa matan aure masu renon 'ya'ya waɗanda ba su iya tafiya. Su kuma matan ƙauye sukan aiko da abin da suke da shi, kamar zuma da man shanu da hatsi. Nisa bai hana gyara ya isa ba, bambancin gida bai mai da shi wulaƙanci ba.

Sai dai nasiha tana da ladubba, kuma kowace daga cikin matan nan tana da nata.

Mawadaciya ta sani cewa maganarta ba ta cika sai da hannunta. In za ta ce a sauke wa yarinya talla, to, ta fara tambayar nawa tallan ke kawowa, ta ga abin da za ta iya toshewa, ko da jari ne kaɗan na sana'ar cikin gida. Nasihar ƙosasshe ga mai yunwa, in ba a haɗa ta da taimako ba, gori ce.

Talaka kuma kada ta raina abin da Allah Ya ba ta. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hori mata Musulmi kada maƙwabciya ta raina kyauta ga maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Ladabin da ta koya wa 'ya'yanta ya fi kofato nesa ba kusa ba. An ruwaito cewa mahaifiyar Imamu Malik, da za ta tura shi wurin malaminsa Rabi'atu, ta umurce shi ya fara koyon ladabin malamin kafin ilminsa. Wadda ke riƙe da wannan rabo ba maroƙiya ba ce a gaban ƙawarta. Tana da ikon ta ce: "Yaya, yaranki sun fi nawa karatu, Allah Ya ƙara. Amma ki aiko mini da su hutu, su koyi gaida mutane."

Abin da ya hau kansu su biyu shi ne barin gasa. Da zarar uwa ta fara auna ɗanta da ɗan ƙawarta, wane ya sauke wane bai sauke ba, to, kunnenta ya toshe, kowace nasiha za ta ji ta kamar habaici. Maganin wannan addu'a ce a bayan ido. Ummud Darda'i ta ruwaito, kamar yadda yake a Muslim, cewa addu'ar Musulmi ga ɗan'uwansa da ba ya nan karɓaɓɓiya ce, kuma akwai mala'ikan da ke cewa amin, yana roƙa wa mai addu'ar irin abin da ya roƙa. Zuciyar da ta saba roƙa wa 'ya'yan wata albarka a sujada, da wuya ta yi baƙin cikin ci gabansu.

Daga ƙarshe, magana mai nauyi ba a waya ake yin ta ba, zumunta a ƙafa take. Mutanen garuruwan nan biyu sun san haka fiye da kowa. Tun da rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka koma suka kafu a Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarnin ana gaba. Amma har yau ana tuna ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934 a matsayin alamar sulhu, kuma daga gare ta ake lissafin bikin kamun kifi na garin. In ziyara ta iya sanyaya tsakanin masarautu, ta iya gyara tsakanin ƙawaye. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya tafi wani gari don ya ziyarci ɗan'uwansa saboda Allah kaɗai, aka aiko mala'ika ya tare shi a hanya da albishirin cewa Allah Yana son sa. Don haka magidanta su ji tsoron Allah, kada su ɗauki kuɗin motar irin wannan tafiya a matsayin asara.

Allah Ya shiryi zuriya, Ya sa zumunci ya zama dominSa. Amin.