OGA BA UBANGIJINKA BA NE



Bayan sallar isha'i wani dattijo ya tare ni a ƙofar masallaci. Masinja ne a wani ofis nan Daura. Ya ce, "Malam, ogana sa'an ɗana ne, amma kullum sai ya zage ni gaban jama'a. In na buɗe baki, ya ce zai sa a jefa ni ƙauyen bakin iyaka." Ya kai kuka wajen manya, aka ce ya yi haƙuri, arzikin iyali yake nema.

Wallahi wannan "yi haƙuri" ta dame ni. Mun iya faɗa wa wanda aka zalunta, harshenmu kuma ya yi nauyi gaban azzalumi. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10, bai taɓa jin ko tsaki daga gare shi ba. Kai da aka ba kujerar wucin gadi, daga ina ka samo izinin wulaƙanta furfura?

Na mata ya fi muni. Ma'aikaciya ta cancanci ƙarin girma, a danne fayil ɗinta sai ta ba da kanta. Ta yi shiru, don in ta faɗa ita za a fara zargi, har a gidan aurenta.

Wasu na ganin ƙungiyar ƙwadago abin Turawa ne. Ku koma Sira. Wani ɗan kasuwa daga Zubaid ya kawo kaya Makka, Al-As ɗan Wa'il ya hana shi kuɗinsa, sai manyan Ƙuraishawa suka taru gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Hilful Fudul ke nan, kuma Annabi (SAW) ya yabe shi bayan annabci.

A 2019 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da yarjejeniya mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki, Najeriya ta amince da ita a 2022, bayan NLC da takwarorinta sun daɗe suna matsa lamba. Amma takarda a Abuja ba ta share hawayen masinja. Shugabannin NULGE da NUT na Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, kuɗin da ake yanka daga albashin mambobi amana ce a wuyanku. Kada a riƙa ganinku sai ranar yajin aiki.

Dattijon nan na ce masa, "Baba, rubuta ranakun da abin ya faru, ka nemi shaidu biyu." Ranar Litinin in sha Allahu tare za mu je wurin shugaban reshensu.

Ku sa shi a addu'a.