Hanya ta Mai Gona Ce ko ta Mai Wucewa?

Duk wanda ya taso daga Babankatami da ƙafa ya nufi kasuwar Buza, zai bi wata siririyar turba da ta ratsa gonaki da duwatsun Adar. Hukuma ba ta share ta ba; sawun mutane da kofaton jakuna ne suka fitar da ita. To, wa ke da wannan turba? Mai gonar da ta ratsa, ko kuwa mai wucewa?

Wannan tambaya ta taɓa kai mutane gidan kaso a Ingila. A shekarar 1932 wasu matasa ma'aikata daga birnin Mancesta da kewayensa suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan, alhali masu filin sun killace shi domin farautar tsuntsaye. Aka ɗaure biyar daga cikinsu. Ƙungiyoyin masu yawon ƙafa ba su karaya ba, har dokokin 1949 da 2000 suka buɗe wa jama'a tsaunuka da dama. A Faransa kuwa, tun 1947 ƴan sa-kai ke shafa alamar fari da ja a jikin duwatsu da itatuwa, domin matafiyi ya bi doguwar hanya ba tare da ya ɓata ba.

Abin da waɗannan ƙungiyoyi suka samu da gwagwarmaya, kakanninmu sun riƙe shi a matsayin al'ada. Fatake sun yi watanni a hanya zuwa Gwanja neman goro, ayarin Kel Geres na ƙasar Madawa kuma ya riƙa zuwa Bilma ɗauko gishiri. Alamar hanyarsu rijiya ce da tsamiya da zango, madugu ne ke riƙe da su a ka. Garin da suka yada zango ba ya hana su ruwa, domin kowa ya san wata rana shi ne baƙo a garin wani.

Yau mota ta gaje fatake, amma makiyayi yana nan bisa ƙafarsa. Da faɗuwar damina yakan kora garke arewa zuwa Azawak, bayan girbi ya komo, hanyarsa kuma ita ce burtali. A nan rigimar take. Manomi zai ce: gonar da ubana ya ciyar da mutum goma da ita, yau mu talatin ne a kanta, ƙasa kuma ta gaji, don me zan bar fili kwance saboda wanda ke wucewa sau biyu a shekara? Hujjarsa tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba.

Sai dai kunya biyu da ya ci daga burtali ba za su cika masa rumbu ba. In kowa ya ci biyu, burtali ya toshe. Shanu kuwa ba su da fiffike, dole su faɗa gona. Sai ga ɓarna, sai ga sanda, wani lokaci har da jini. Haƙƙin mai wucewa shi ne shingen da ke tsare mai gona. Shi ma makiyayi da nasa nauyi: wanda aka bar wa hanya bai da hujjar kauce mata.

Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun tabbatar wa makiyaya ƴancin zirga-zirga. Amma takarda ba ta gadin hanya. Masu bin ta da masu sanin ta ne ke gadinta. Saboda haka muke kira ga malamai da ƙungiyoyin al'adu: ku ɗauki yara ku taka burtalin garinku tare da dattijon manomi da dattijon makiyayi, ku rubuta sunan kowace rijiya da kowane zango. Yaron da ya san inda hanya ta fito da inda ta nufa, da wuya in ya girma ya sa mata hauya.