Duhu da Hantsi: Laifin Wane Ne?

Karatu: Irmiya 10:1-5, Luka 13:1-5

Ɗan'uwa mai karatu, idan shekarunka sun kai, za ka tuna ranar Laraba, 29 ga Maris 2006. Da hantsi, ana tsakiyar zafin bazara, wata ya shiga tsakaninmu da rana. Inuwarsa ta biyo ta Gana, ta ratsa Gusau da Katsina da Maraɗi, ta nufi Libiya da Masar. Ƙasar Isa da Sabon Birni tana gefen hanyar inuwar, saboda haka mutane suna tsaye a tsakar gidajensu suka ga haske ya dushe, iska ta yi sanyi. A ranar irin wannan, tambaya ɗaya ce take yawo a bakin mutane: me muka yi wa Allah?

Tambayar tana da nauyi, domin amsar da aka ba ta takan jawo ɓarna. A watan Janairu 2001, da aka yi husufin wata, wasu matasa a Maiduguri sun ƙone otel-otel da gidajen giya, suna cewa zunubin masu su ne ya jawo duhun. Haka zuciyar ɗan Adam take, ko wace hanyar ibada yake bi. Da tsoro ya kama ta, sai ta nemi wanda za ta nuna wa yatsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Amma ka lura da wannan. Masana taurari sun sanar da ranar husufin 2006 da sa'arsa tun da daɗewa kafin ya zo. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa da mu kusan sau 400, shi ya sa ƙaramin wata yake iya rufe fuskarta daidai. Abin da ake iya ƙidaya lokacinsa tun kafin a haifi maƙwabcinka, ta yaya zai zama hukuncin abin da maƙwabcinka ya aikata jiya? Husufi shaida ne cewa Mahalicci ya kafa tsarin da ba ya kuskure. Annabi Irmiya ya gargaɗi mutanen Allah kada alamun sararin sama su firgita su. Maƙwabtanmu Musulmi ma, da suke fita salla a lokacin husufi, koyarwarsu ta ce ba ya faruwa saboda mutuwar wani ko haihuwarsa.

To, ashe babu abin da duhun yake faɗa mana? Akwai. Sa'ad da Ubangiji Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, sa'an nan ya kira masu sauraronsa su tuba. Ya ɗauke yatsan daga kan matattu, ya mayar da shi ga ƙirjin mai nunawa. Wanda ya kalli husufi daga gidansa yana wurin da ya dace, gama gyara daga gida yake farawa: yadda kake magana da matarka, bashin da ka ƙi biya, ɗan'uwan da ka daina gaisawa da shi.

Ko hanyar kallon ma tana koyarwa. Wanda ya zuba wa rana ido kai tsaye zai iya lalata ganinsa, hotonta a kwanon ruwa ma bai kuɓutar da ido ba. Amma ka tsaya a gindin bedi ka sunkuyar da kai. Hasken da yake ratsowa tsakanin ganye zai zana maka siffar rana a ƙasa, kamar jinjirin wata, bila adadin. Mai sunkuyar da kai shi yake gani lafiya.

Yau wani duhun ne ya sauko wa ƙasar Gobir. 'Yan bindiga sun hana noma, sun tare hanyoyin kasuwa, iyalai da yawa sun ƙetara zuwa Gidan Rumji a Nijar. Wannan duhu aikin hannun mutane ne, masu yin sa kuma za su ba da lissafi. Kada ka ce wanda aka sace ko aka kora ya fi ka zunubi. Ka buɗe masa ƙofa, ka raba hatsinka da shi, ko Kirista ne ko Musulmi. Husufin 2006, inda ya fi daɗewa ma, minti 4 ne da 'yan daƙiƙu. Duhun ranar gicciye ya yi sa'a 3, bayansa kuwa aka sami kabari ba kowa. A duk tsawon husufi rana ba ta rage ko kaɗan daga haskenta ba, an dai tare mu ne daga ganinta.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare bakinmu daga zargin 'yan'uwanmu, ka ba mu zuciyar tuba, ka komo da salama a Isa da Sabon Birni. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.