Keken Ɗinkin Gidanmu

Duk daren Lahadi ina gabatar da wani shiri a rediyo inda muke buɗe layi, dattawa su kira su ba mu labarin da. Kusan kowa da kalma ɗaya yake farawa: "Allah sarki Nima ta da!" Sai ya shiga lissafi. Gidan haya ɗaya, famfo ɗaya, amma ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Kotokoli, ga Mosi, ga Bayarabe, kuma Hausa ce ke haɗa su a tsakar gida. Ranar Sallah ana kai wa maƙwabci Kirista nama, lokacin Homowo kuma 'yan Ga su aiko da nasu abincin. Ɗan wani ya yi laifi, uwar wani ta hukunta shi, ba mai cewa uffan.

Ni ma a irin wannan gida na tashi a Maamobi, kuma ban taɓa jin sun faɗi ƙarya ba. Abin da ya fara damuna shi ne abin da ba sa faɗa.

A ɗakin kakata akwai wani tsohon keken ɗinki baƙi, na ƙafa. Da shi ta ciyar da 'ya'ya bakwai, da shi aka biya wa mahaifiyata kuɗin makaranta. Tun ina yaro labarin da na sani shi ne, wata Bayarabiya maƙwabciyarmu ce ta bar mata shi don zumunci lokacin da za ta koma Najeriya. Sau biyu na ba da wannan labari a iska, ina kafa hujja da shi a kan zaman lafiyar zango.

Bayan rasuwar kakata, ƙanwarta ta kira ni gefe. Ta ce, "Kai yaro, daina faɗin abin da ba ka gani ba. Ba kyauta ba ce. Kakanka ne ya saya, a kuɗin da bai kai na akuya ba, matar tana kuka."

A watan Nuwamba na 1969 ne gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutanen da suka yi shekara talatin a Nima, wasu ma a nan aka haife su, suka wayi gari suna neman mota. Wanda ke da mako biyu ba ya tsayawa ciniki. Gado, rumfar kasuwa, keke, duk abin da aka taya sai ya sallama. Masu sayen kuwa ba daga wata duniya suka zo ba. Maƙwabta ne, waɗanda ake cin tuwo kwano ɗaya da su.

To, mai karatu, ga tambayar da ta hana ni barci: wanda ya tuna daɗi kawai ya bar ɗaci, ya yi ƙarya ko bai yi ba?

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Kakana ya riga mu gidan gaskiya, ba zai iya kare kansa ba. Wataƙila abin da ke aljihunsa ke nan. Wataƙila da bai saya ba, wani zai ɗauka a banza. Kuma tsohuwar da ta kira rediyo tana kewar ƙuruciyarta ba kotu ta zo ba. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Addini ma ya hore mu da ambaton alherin mamata.

Amma na lura da wani abu. Idan na ce "ta bar mana shi don zumunci", ba kakana kaɗai na rufa wa asiri ba. Na sake karɓe wani abu daga hannun matar nan. An karɓi kekenta a 1969, ni kuma na zo ina share hawayenta daga labarin, har ina mai da asararta abin alfaharinmu. Wannan ya wuce rufin asiri.

Sannan labarin da aka tace ba ya koya wa yaro komai. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka dawo da kayansu a jaka. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Yaron da aka gaya wa cewa zango bai taɓa cin amanar maƙwabci ba, ranar da irin wannan ta sake tasowa ba zai gane kansa a cikin masu saye ba.

Ban daina shirin ba, kuma ba na katse dattawa idan suna yabon da. Sai dai yanzu idan mutum ya gama, nakan ƙara tambaya ɗaya: "Baba, waɗanda suka tafi fa, kun sake jin labarinsu?" Wasu su yi shiru. Wani dattijo ya yi ta kuka har na sa talla.

Keken yana ɗakin mahaifiyata, har yau yana ɗinki. Da 'yata ta tambaye ni na wane ne, na gaya mata yadda ya shigo gidanmu, duka. Ta ce, "Baba, ya sunanta?" Na tambayi duk wanda ya rage a dangi. Babu wanda ya tuna.