Tsakanin Manomi da Ɗan Caca

Idan ruwan shuka ya sauka a Damari, cikin ƙaramar hukumar Sabuwa, manomi kan ɗebi masarar da iyalinsa za su iya ci ya binne ta a ƙasa. Bai san ko damina za ta yi albarka ba, a 'yan shekarun nan ma bai san ko 'yan bindiga za su bar shi ya girbe ba. Shi ya sa matashin da ke zuba kuɗi a cacar lambobi ta waya yake samun bakin cewa shi da mahaifinsa sana'arsu ɗaya: kowa ya saki na hannu yana jiran abin da bai gani ba. Hujjar tana da ƙarfi, ta kuma cancanci amsar da ta wuce tsawa.

Mu fara da lissafi. A cacar da aka fi sani da Baba Ijebu, ana fitar da lambobi 5 daga cikin 90. Mai wasa kan zaɓi biyu, idan duk sun fito a biya shi ninki 240 na abin da ya zuba. Ana iya haɗa lambobi biyu daga cikin 90 ta hanyoyi 4,005, guda 10 kacal ke ci. Da mutum zai saye dukkan haɗin a kan naira 100 kowanne, da ya kashe naira 400,500, ya karɓi 240,000. Sauran 160,500 ta zama ta masu shirya wasan tun kafin a juya ƙwallayen. Mai neman dacewa da lambobin biyar gaba ɗaya kuwa, damarsa ɗaya ce cikin 43,949,268.

A nan hanyoyin biyu suka rabu. Ƙwayar da manomi ya shuka tana haifar da ɗaruruwa, kuma idan gonarsa ta yi kyau ba a rage wa maƙwabcinsa ko zangarniya ba. Kasuwannin Dandume da Funtuwa kan cika, mai sayarwa da mai saye su amfana. Caca ba ta haifar da ko sisin kwabo. Abin da mutum ɗaya ya ci, asarar wasu ɗaruruwa ce aka tara, aka yanke kason mai gida, aka miƙa masa ragowar. Ko adashen da mata ke yi a cikin gidaje ya isa misali: can ma ana tara kuɗi a bai wa mutum guda, amma idan zagaye ya ƙare kowa ya kwashi daidai zubinsa.

Za a ce ai ba a tilasta wa kowa ba. Haka ne, sai dai yarda tana da daraja ne gwargwadon sanin mai yin ta. Ana yayata hoton wanda ya ci, ba a taɓa nuna fuskokin waɗanda suka biya masa. Wanda ya fi saurin amsa kiran kuma shi ne wanda ƙofofi suka rufe masa, irin saurayin da rashin tsaro ya raba da gona a Faskari ko Ƙanƙara. Cinikin fata da irin wannan mutum, ko doka ta ba shi lasisi, yana barin tambaya a wuyan mai yin sa.

Daga wannan fatan 'yan damfara ke ci. Wani ya turo saƙo cewa ka ci miliyoyi a gasar da ba ka shiga ba, sai ka tura kuɗin rajista. Wani ya sayar da lambobin da ya ce tabbas za su fito, alhali da ya san su da bai sayar ba. Tsarin MMM, wanda ya daskarar da kuɗin jama'a a Disambar 2016, da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata ya ja mutane.

Musulunci ya haramta caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, aya ta gaba ta ambaci dalili: gaba da ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah. Lissafi da nassi sun haɗu a wuri ɗaya. Amma hani shi kaɗai ba zai amsa wa matashin Damari ba matuƙar gonar mahaifinsa ta fi wayarsa haɗari. Wanda ke son ya bar lambobi, sai ya taya shi neman ranar da zai shuka ya kuma girbe lafiya.