Adalci a Zauren Majalisa: Wa Aka Saurara, Wa Aka Bari a Waje?

Wani lokaci ba hukuncin da aka yanke ke ƙona rai ba, sai dai yadda aka yanke shi ba tare da an ji ta bakinki ba. Wannan ne ya sa taƙaddamar da aka shafe shekaru ana yi a Birtaniya ta cancanci mu tsaya mu dube ta. Taƙaddama ce tsakanin haƙƙin mata da haƙƙin masu sauya jinsi, wato waɗanda aka haifa maza amma suke jin cewa su mata ne, ko kuma akasin haka. Tambayata a nan ita ce: idan majalisa ta kafa kwamiti ya binciki irin wannan lamari, mene ne ma'anar a ce ya yi adalci?

Tun 2004 Birtaniya take da dokar da ta ba mutum damar sauya jinsinsa a takardar haihuwa, amma da sharuɗɗa: ya kai shekara 18, ya kawo shaidar likita, kuma ya yi shekara 2 yana rayuwa a jinsin da ya zaɓa. Wata dokar ta 2010 kuma ta yarda a keɓe wa mata wurare nasu su kaɗai idan akwai dalili, kamar gidajen da matan da aka ci zarafinsu ke fakewa da wuraren canja kaya. Ga matan Musulmi da ke zaune can, irin waɗannan wurare ba ƙaramin abu ba ne.

A 2015 kwamitin majalisar mai kula da mata da daidaito, ƙarƙashin Maria Miller, ya buɗe bincike. Wanda aka ɗauka ya ba kwamitin shawara shi ne Farfesa Stephen Whittle, masanin shari'a wanda shi kansa ya sauya jinsi, kuma ya daɗe yana fafutukar wannan haƙƙi. Rahoton ya fito a Janairun 2016, ya ba da shawarar a bar mutum ya bayyana jinsinsa da kansa ba sai da likita ba, a kuma daina hana mai takardar sauya jinsi shiga wuraren mata. Mata da dama suka koka cewa an karɓi takardunsu, amma ba a ba su kujera a zauren ba.

To, ina matsalar take? Ba laifi ba ne a saurari masu sauya jinsi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma suna fuskantar tsangwama ta gaske. Ilimin Farfesan ma babu mai musunsa. Matsalar ita ce ɗakin biyu ne, kowanne da yoyonsa. Wanda yake da ɓangare a magana wurinsa shi ne kujerar shaida. Idan ya koma kusa da masu rubuta rahoto, ko da zuciyarsa fes take, ɗaya ɓangaren ba zai natsu ba.

Wata za ta ce: ai babu ɗan majalisar da ba shi da ra'ayi, to ina za a samo mai tsayawa a tsakiya? Gaskiya ne. Amma ba a nemi mutum ya wanke kansa daga ra'ayi ba. Abin da aka nema shi ne ya tsara zaman yadda ra'ayinsa ba zai toshe ƙofa ba. Uwa ma ta san wanda ya fi tsokana a cikin 'ya'yanta, amma idan suka yi faɗa sai ta ji ta bakin kowa kafin ta ɗauki bulala. Kwamitin ya gwada haka a bincikensa na biyu ƙarƙashin Caroline Nokes: a Disambar 2020, rana ɗaya, ya saurari masana 3 masu goyon bayan sassauta dokar da wasu 3 masu adawa. Rahoton 2021 bai gamsar da kowa ba, amma aƙalla an ji muryoyin biyu a bainar jama'a.

Akwai kuma maganar lokaci. A majalisar yankin Sikotland, an kawo ƙudurin rage shekarun zuwa 16 da cire shaidar likita. Reem Alsalem, wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, ta yi gargaɗin cewa miyagun maza za su iya fakewa da dokar. An saurare ta ranar 19 ga Disambar 2022, aka kaɗa ƙuri'a ranar 22, ƙudurin ya wuce da 86 a kan 39. Sauraron da ya zo kwana 3 kafin ƙuri'a kusan ihu ne bayan hari. A Janairun 2023 gwamnatin Landan ta hana ƙudurin zama doka.

Daga majalisa maganar ta kai kotu, kuma nan ne jarrabawar take. Ranar 16 ga Afrilun 2025 alƙalai 5 na Kotun Ƙolin Birtaniya suka yi ittifaƙi cewa kalmar "mace" a dokar 2010 tana nufin wadda aka haifa mace, tare da jaddada cewa dokar tana kare masu sauya jinsi daga wariya. Mata da yawa sun yi farin ciki. Sai dai kotun ta ƙi karɓar buƙatar mutum 2 masu sauya jinsi da suka nemi su gabatar da hujjarsu. Ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne wancan Farfesa Whittle. Wanda jiya yake cikin ɗaki, yau shi ne a bakin ƙofa. Kotu tana da ƙa'idojinta daban da na majalisa, amma kukan iri ɗaya ne: an yi magana a kanmu ba tare da mu ba.

Saboda haka, 'yar'uwa, ki tambayi kanki: idan hukunci ya yi miki daɗi, kina damuwa da wanda ba a saurara ba? Idan ba kya damuwa, to nasara kike so, ba adalci ba. Sauraron mutum ba yarda da shi ba ne, kuma ba ya rage miki komai daga abin da kika yi imani da shi. Hanyar da aka bi aka rufe bakin wani yau, ita za a bi a rufe naki gobe, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Allah Ya sa mu zama masu adalci ga wanda muke so da wanda muka saɓa da shi, amin.